Mutum Huɗu a Hanyar Ala-Kul

Begimai ta fara kishin Ermek tun kafin ta san sunansa.

Wata Lahadi ce ta watan Yuni, lokacin da rabin mutanen garinmu Karakol ke ɗaure darduma da tukunya a saman mota su tafi kwarin Jeti-Oguz shan iska. Toktosun ma ya kai iyalinsa, matarsa Burul da 'yarsu tilo Begimai, malamar firamare mai shekara ashirin da huɗu. Da aka ci aka sha shayi, Burul ta ce ita fa yau sai ta ga inda ruwa yake zubowa daga dutse. Hanya ce mai sauƙi, tsofaffi na bi, masu goyo na bi. Toktosun ya ce su je su dawo, shi yana gindin wuta.

A hanyar akwai wani rafi da aka ɗora wa gungume biyu a matsayin gada. Begimai ta tsallake. Da ta waiwaya sai ta ga mahaifiyarta tsaye ƙiƙam a tsakiya, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Apa, ki dubi gabanki, ki daina kallon ruwan."

"Shi ne yake kallona," in ji Burul.

A daidai lokacin wani saurayi ya gangaro daga sama da baƙi shida a bayansa, rana ta ƙone masa kumatu, ga ƙatuwar jaka a kafaɗa. Ya sauke jakar, ya hau gungumen kamar mai tafiya a tsakar gida, ya miƙa wa Burul hannu.

"Apa, ki raba mana gardama. Yayata ta ce boorsok, fanken nan namu, wanda aka kwaɓa da madara ya fi laushi. Ni na ce da ruwa ya fi."

"Ruwa? Ɗana, wa ya raine ka? Madara mai ɗumi, da ɗan man shanu, sannan ka bar kwaɓin ya tashi sau biyu."

Kafin ta gama koya masa, ƙafarta na kan ciyawa. Sai kuma ta tuna dawowa ma ta nan za a bi, ta ce ta fasa ganin ruwan, ya mayar da ita inda ya same ta. Ya mayar da ita, bai ko yi dariya ba.

Begimai ta biyo su ta buɗe baki za ta yi godiya, sai wata Baturiya daga cikin baƙin ta rugo ta maƙale hannunsa, ta ɗaga waya ta ɗauke su hoto tana ƙyalƙyala dariya. Godiyar Begimai ta koma ciki. Ta bi hannun da harara, ta kau da kai, ta sake harararsa, ita kanta ba ta san dalili ba.

Burul ta matsa sai ya tsaya ya sha shayinsu. Ya tsaya na ɗan lokaci, baƙinsa na jira. Toktosun ya amsa gaisuwarsa, ya kalli takalminsa, ya kalli igiyar da ke naɗe a jikin jakar, sai fuskarsa ta rufe.

"Jagoran masu hawan dutse ne kai?"

"E, Ata. Sunana Ermek, daga Ak-Suu."

"To," in ji tsohon.

Da Ermek zai tafi ya bar wa Burul kati mai lambarsa, ko 'yan uwa daga Bishkek za su so hawa. Katin bai kwana a jakar Burul ba.

Kwana uku Begimai tana juya shi a hannu kafin ta rubuta:

"Salamu alaikum. Ni ce 'yar matar da ka tsallakar a gada. Apa ta ce a sake yi maka godiya."

Shiru, har kwana biyu. Ta buɗe shafinsa ta bi hotunansa ɗaya bayan ɗaya. Ga shi a kan dusar ƙanƙara da wata, ga shi a bakin tafki da wasu biyu, ga wata yana ɗaura mata igiya a ƙugu. Ta rufe wayar ta ce ai gara da bai amsa ba. Sai ga saƙo:

"Wa alaikis salam. Yanzu na sauko, babu sabis a sama. Ki gaida Apa. 'Yar Apa fa, ita ba ta gode ba? Sau biyu ta harare ni, na ƙirga."

"Ba kai na harara ba."

"To wa?"

"Hannunka. Kamar ƙarfen cikin bas, kowa ya shigo ya riƙe."

"Malama, kin kashe ni. Gobe ba ni da baƙi. Ki zo kasuwa mu ci taliyar ashlanfu, na yi alkawari hannuwana za su zauna a aljihu."

Haka aka fara. Duk ranar da ya sauko daga dutse, kafin ya je gida ya wanke jiki, sai ya biyo ta layinsu ya tsaya gindin bishiyar tuffa ta makwabta ya turo mata: "Na dawo da duka yatsuna." Da yamma su hau tudun bayan gari, inda ake hango tafkin Isik-Kul kwance kamar an shimfiɗa shuɗin zane. Yana kiranta Malama idan yana son tsokana, Begi idan maganar ta gaskiya ce. Ita kuma Akuyar Dutse take ce masa, sai idan ya jima bai sauko ba ta manta ta rubuta "raina".

Kishin bai ragu ba. Da sanyi ya shigo ya koma koya wa mutane zamiya a kan dusar ƙanƙara, ta ce ita ta lura matan ne kawai suke yawan faɗuwa, kuma kullum kusa da shi suke faɗuwa.

"Begi, aikina ne."

"Na sani. Ni ma aikina ne in ji haushi."

Da bazara ta zagayo ya ce zai turo iyayensa. Begimai ta faɗa wa mahaifiyarta, mahaifiyarta ta faɗa wa Toktosun. Tsohon ya kira ta falo, ya cire safar ƙafarsa ta hagu ya ajiye a gefe. Yatsu biyu ne kawai a ƙafar. Ta san da haka tun tana ƙarama, amma bai taɓa nuna mata da gangan ba.

"Shekara ashirin na yi ina aikin ceto a duwatsun nan," ya ce. "Na ɗauko irinsa a cikin bargo. Ni ne ake turawa in ƙwanƙwasa ƙofar matansu. Na san yadda suke buɗewa, na san sautin da suke yi. Tambayi uwarki a wane shekaru furfura ta fito mata. Yaron ba shi da laifi, amma ban haife ki don ki zauna bakin taga kina kallon gajimare ba."

"Ata..."

"Na gama."

Ba a yi sati biyu ba Burul ta fara ciwon haƙori. Ciwon kuwa ba ya tashi sai Begimai na gida, kuma ba wanda zai duba shi sai Taalai, ɗan ƙawar Burul, likitan haƙori mai asibitin kansa. Mutum ne mai kirki, mai sanyin murya, mai farar mota da ba a taɓa ganin ƙura a jikinta ba. Shi yake dawo da su gida. Rannan Ermek ya sauko daga tafiyar kwana biyar, yana gindin tuffa, sai ga farar motar. Taalai ya zagayo ya buɗe wa Begimai ƙofa.

Saƙon da ya shigo wayarta ba irin na kullum ba ne.

"Na dawo. Na ga kin samu direba."

"Apa ya kawo."

"Apa ce a gidan gaba sanye da koren mayafi?"

"Kai da kake yini da mata a kan dutse kake kwana da su a sansani, kai ne za ka yi mini maganar gidan gaba?"

"Su baƙi ne. Wannan kuwa na ga yadda ya buɗe ƙofar. Ba buɗewar likita ba ce."

Kwana huɗu ba su yi magana ba. A rana ta biyar Begimai ta ga hoton da ya hana ta cin abinci. Wata mata ce mai suna Raushan, lauya daga Almati, da ke zuwa duk watan Yuli shekara uku ke nan, kuma ba ta yarda da kowane jagora sai Ermek. Doguwa ce, gwanar hawa. Ta sa hotonsu na bara, ta rubuta a ƙasa: "Saura kwana shida in ga jagorana." Bana ƙololuwar dutsen Palatka za su hau, amma kafin nan za su yi kwana uku a hanyar tafkin Ala-Kul don jikinta ya saba da tudu.

Begimai ta je ofishin da Ermek yake aiki ta tambaya. Matar da ke kan tebur ta ce tafiyar rukuni ce, amma har yanzu mutum ɗaya ne ya rubuta suna.

"Mutum ɗaya," in ji Begimai. "To ki ƙara biyu."

Daga nan ta kira Taalai, ta haɗa masa da "baike", kiran girmamawa ga yaya namiji. "Taalai baike, ka taɓa ganin Ala-Kul?"

Bai taɓa ba. Bai taɓa hawan abin da ya fi benen asibitinsa ba. Amma ya ji muryarta, ya ce zai sayi takalmi.

Burul ta yi murna da jin tare da Taalai za a je. Toktosun, wanda bai taɓa barin 'yarsa ta wuce hanyoyin iyali ba, ya daɗe yana kallonta.

"Wa zai ja ku?"

"Ermek."

"Ya san hanya," ya ce a hankali. "Jagora na ce ya iya. Ban ce miji ba."

Da safen tafiyar, Ermek ya duba takardar sunaye, ya ɗago ya kalle su su biyu, ya sake kallon takardar. Ya durƙusa ya matsa kan takalmin Taalai da babban yatsa.

"Sabo ne?"

"Jiya na saya. Mafi kyau a shagon."

"Zai ci maka ƙafa, likita. Idan kanka ya fara ciwo ka faɗa mini nan take, kada ka ɓoye."

Rana ta farko cikin daji aka yi ta, ana bin kogi ana hawa. Raushan da Ermek suna gaba, takunsu ɗaya, suna magana da rabin kalma kamar mata da miji. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ta sa masa gorar shayi. Begimai ta ga wannan, sai da ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Maimakon haka ta ɗaga murya.

"Taalai baike, ashe haka kake da ƙarfi? Ko haki ba ka yi. Wasu shekara goma suna hawa, kai rana ɗaya ka kamo su."

Taalai, wanda gumi ya jiƙa masa riga, ya miƙe ƙirji ya karɓi gorar ruwanta ya ƙara a kayansa. Ermek bai waiwayo ba, amma ta ga wuyansa ya yi ja.

Da la'asar suka isa sansanin Sirota suka kafa tanti. Begimai ta je ɗebo ruwa, sai ta hango Raushan da Ermek zaune kan wani dutse a bakin rafi. Raushan ce ke magana, kanta a ƙasa, hannunta a kan damtsensa. Begimai ta dawo da bokitin babu ruwa. Ta zauna kusa da Taalai ta ce sanyi take ji, ya cire rigarsa ya lulluɓa mata. Da Ermek ya dawo, a cikin rigar ya same ta.

Da asuba ya tare ta a bayan tanti.

"Me ya kawo ki, Begi?"

"Na zo ganin tafki. Na kuma ga abin da ya fi tafki."

"Kin ga me?"

"Jagoranta. Haka ta rubuta, duniya ta karanta."

"Ke kuma kin kwaso bawan Allah da bai san hawa ba don ki ƙona mini rai. To ya ƙonu, kin ji daɗi? Jiya da na gan ki cikin rigarsa, saura kaɗan in jefa ta wuta."

"Da ka jefa. Ita ma sai in jefa gorar shayinta."

Ya ɗauki jakarsa. "Hanyar yau ba ta wasa ba ce. Ki bi sawuna, ko kina fushi."

Ba itace a hanyar ranar, sai tsakuwa mai zamewa da duwatsu, ga ruwa na zubowa ta gefe. Taalai ya tashi da ciwon kai tun safe, bai faɗa ba. Yaya zai faɗa, bayan yabon jiya? Sau biyu Ermek ya tambaye shi, sau biyu ya ce lafiya lau. Wajen azahar suka ɓullo kan tafkin, ruwansa kore shar a tsakanin duwatsu masu farin kai. Begimai ta manta da fushi na ɗan lokaci. Da ta juya za ta yi magana, sai ta ga Taalai a durƙushe yana amai. Ya yunƙura zai tashi, ya yi tangaɗi kamar mashayi, ya faɗi. Leɓɓansa sun yi shuɗi, numfashinsa na ƙara.

Ermek ya ajiye jaka, ya riƙe fuskarsa. "Likita, yau wace rana ce?"

Taalai ya daɗe kafin ya amsa, kuma bai faɗi daidai ba.

Ermek ya ce, "Ciwon tudu ya kama shi, iskar sama ba ta isarsa. Za mu sauka, yanzu."

"Mashigar da ake tsallake dutsen saura kaɗan," in ji Raushan. "Ta can akwai dawakai."

"Sai an ƙara hawa kafin a gangara. Ba zai kai ba."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki jakar Taalai ta rataya a ƙirji. Ermek ya raba kayansa, ya ba Begimai abin da za ta iya, sauran ya danne da dutse. Sannan ya goya Taalai, ya ɗaure shi da igiya a jikinsa, ya fara gangara tsakuwar nan da ko mutum shi kaɗai sai ya yi da hannu da ƙafa.

Begimai tana baya tana kallon ƙafafunsa na rawa a kowane taku. Hawaye ya hana ta ganin hanya. Ita ta kira mutumin nan. Ita ta yabe shi har ya ji kunyar cewa kansa na ciwo. Idan ya mutu, wa za a tura ya ƙwanƙwasa wa uwarsa ƙofa?

"Kalli inda kike sa ƙafa," in ji Raushan a bayanta. "Ba zai iya goya biyu ba."

Suka ci gaba da gangara. Can Raushan ta ce, "Kin gan mu jiya a bakin rafi."

"Na gani."

"To bari in faɗa miki, tunda ba ki tambaya ba. Ina sonsa. Shekara uku. Kada ki zaci kuskure kika yi, idonki ya gani daidai. Jiya na faɗa masa, na ce ya zo Almati, ina da hanyar da zai buɗe kamfanin kansa." Ta gyara jakar. "Ya bar ni na gama. Sai ya ce, 'Raushan eje, kin ga waccan mai ɗaure fuskar? Ko ubanta zai shekara goma yana korata, ita nake jira.' Eje fa ya ce mini, wato babbar yaya. Shekara biyu kawai na ba shi."

Begimai ta mayar da ido kan inda take sa ƙafa.

"Ba don ina sonki na faɗa ba," in ji Raushan. "Haushinki nake ji. Amma na gaji da hararar."

Da suka gangaro sosai, iska ta yi kauri, Taalai ya fara dawowa hayyacinsa. Ya gane a bayan wa yake.

"Ka jefa ni kwazazzabo mana ka huta," ya ce da ƙyar.

"Na yi tunanin haka tun can sama," in ji Ermek yana haki. "Amma babanta zai ce dama ya faɗa."

Taalai ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Kana sonta haka?"

"Likita, nauyi gare ka. Yi shiru."

Awa huɗu ya yi da shi a baya kafin su kai sansanin, inda aka samu doki. Daga nan zuwa gadar da hanyar mota take ƙarewa, daga gadar mota ta kai shi asibiti. Likitoci suka ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya canza.

Ranar da aka sallame shi Begimai ta je gidansu. Ta same shi a lambu cikin bargo.

"Taalai baike, na cuce ka. Don in ba shi haushi na kira ka."

"Na sani tun a waya," ya ce. "Na ce wataƙila idan na kai saman za ki dube ni. Wautata ce da taki suka haɗu." Ya kalli hannuwansa. "Na yafe. Amma kada ki aiko mini katin biki, ba zan zo ba. Kuma ki ce wa Apa haƙoranta lafiyarsu ƙalau."

Da ta fito ta tsaya a bakin titi ta rubuta:

"Raina, ban san da wace kalma zan fara ba. Na ga abin da ka yi, na kuma ji abin da ka ce a bakin rafi. Na ji kunyar kaina. Idan ba ka son ganina zan fahimta, amma zan mutu."

Amsar ba ta jima ba.

"Kada ki mutu, bayana ba zai ɗauki kowa ba sai bayan sati biyu. Ina kan tudu."

Ta same shi zaune, igiya ta yanka masa kafaɗu har ya kasa sa riga mai nauyi. Ta zauna nesa kaɗan.

"Me ya sa ba ka faɗa mini da asubar nan ba?"

"Sirrinta ne. Kuma ina fushi. Rigar nan, Begi. Har yanzu idan na rufe ido ina ganinta."

"Warin maganin haƙori take yi. Ban ji daɗinta ba ko kaɗan."

Ya yi dariya, kafaɗar ta amsa, ya yamutsa fuska. "Ni ma na yi laifi. Tun a ƙasa na ga ba zai iya ba. Da wani ne da na hana shi. Amma wani abu a raina yana so ki gan shi ya gaza. Wannan ba aikin jagora ba ne, kuma ba zan sake ba."

"Ni ba zan iya cewa na daina kishi ba, Ermek. Ƙarya zan yi."

"Ban ce ki daina ba. Ki dai riƙa tambayata kafin ki rubuta sunan mutane."

A Karakol labari ba ya kwana. Tsofaffin abokan aikin Toktosun sun kai masa shi tun kafin 'yarsa ta buɗe baki. Ranar Juma'a bayan masallaci ya aika a kira Ermek. Ba a falo ya karɓe shi ba, a gindin bishiya, kan benci, Begimai da Burul suna leƙe ta tagar kicin.

"A ina ya faɗi?"

"Bakin tafki, Ata, inda hanya take ɓullowa."

"Me ya hana ka bi ta mashiga, ga dawakai ta can?"

Ermek ya faɗa masa. Toktosun ya tambayi yadda ya ɗaura igiyar, Ermek ya nuna masa da hannu. Ya tambayi inda ya huta, da sau nawa. Sannan Ermek, ba tare da an tambaye shi ba, ya faɗi laifinsa na barin mutumin ya hau tun farko, da dalilin. Tsohon ya dube shi da kyau.

"Palatka fa?"

"Na haɗa baƙuwar da wani jagoran. Jikina bai koma ba, ba zan hau da rabin ƙarfi ba."

"Sau nawa ka taɓa juyawa kana ganin ƙololuwa da idonka?"

Ermek ya yi lissafi. "Bakwai."

Toktosun ya dubi ƙafarsa ta hagu. "Ni a shekarunka ban taɓa ba. Ina ganin abin kunya ne. Sai da na bar yatsu uku da aboki ɗaya a sama sannan na koya." Ya share fuska da tafin hannu. "Ba zan ce ka bar dutse ba, na san ba za ka iya ba, kuma idan ka yi alkawari ƙarya za ka yi mini. Tsorona yana nan, ba inda ya je. Amma mutumin da ya sauko da wanda yake neman matar da yake so, ina ganin zai riƙa sauko da kansa. Ka turo iyayenka."

A kicin Begimai ta rungume uwarta har cokali ya faɗi. Burul ta ture ta tana share ido. "Shi ke nan, na rasa likita. Ƙawata ko gaisuwata ba ta amsawa."

Cikin sati biyu mahaifiyar Ermek ta zo da danginta ta sa wa Begimai 'yan kunnen zinariya, alamar baiko. Aka sa biki ƙarshen Satumba, lokacin da baƙi suka ragu, tuffa ta nuna har rassa na taɓa ƙasa. Aka yanka tumaki, aka soya boorsok har ya cika darduma, liman ya ɗaura aure. Taalai bai zo ba, kamar yadda ya faɗa. Jagorori abokan ango suka zo da fuskokinsu da rana ta ƙone, suka cinye rabin naman.

Da aka kai amarya Ak-Suu, tsofaffin gidan suka ɗaura mata farin ɗankwali. Sannan aka nemi Toktosun ya sa albarka. Ya miƙe, kowa ya ɗaga tafin hannu.

"Allah ya haɗa kanku, ya sa ku tsufa tare. Allah ya cika gidanku da 'ya'ya da baƙi. Ɗana, duk inda ka hau, Allah ya sauko da kai da ƙafafunka. 'Yata, Allah ya ba ki haƙurin jira, kada ya sa kowa ya ƙwanƙwasa miki ƙofa sai mijinki."

Muryarsa ta karye, ya tsaya. Sai Burul ta ƙarasa daga cikin mata, "Ya kuma rage mata kishi."

Ɗakin ya ɗauki dariya da amin tare, aka shafa. Ermek ya fi kowa ɗaga murya. Begimai ta sunkuyar da kai kamar kowace amarya, ta matso kusa da shi kaɗan, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Na Ata duk na ce amin. Na Apa ban ce ba."

"Na lura," in ji shi, ya lalubo hannunta ƙarƙashin mayafi ya riƙe.